Alƙalancin Ardo Bube a Kasuwar Kusada

Ni Haulatu, tun ranar da Lawal mai shayi ya rataya rediyonsa a reshen darbejiyar nan ta kasuwar Kusada ban ƙara samun sukuni ba. Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ke nan, ƙasa ta ɗauki zafi, kowa ka taɓa sai ya ce maka zaɓe. Gindin itacen nan kuwa nan nake sauke ƙwaryar nonona tun ina da sauran ƙarfin gwiwa. To, sai ga shi an cika mini wuri da maza, ba mai sayen nono, sai musu.

Masu neman shugabancin ƙasa ake sakawa a akwatin, a jefa musu tambaya su amsa. Wannan ya ce zai kai ruwan famfo har ƙauye, wancan ya ce shi ne uban talakawa. Kafin su rufe baki 'yan gindin darbejiya sun fara yanke hukunci.

"Wanga ya fi iya zance, ka ji yadda ya warware ta?"

"Kai, tafi can! Kame-kame ya yi ta yi, an tambaye shi gabas ya nufi yamma."

Haka za su yi ta yi har shayi ya huce, mutanen da ko awakinsu ba su iya raba wa faɗa.

Ran nan sai ga yayana, Ardo Bube, ya zo wucewa da sandarsa a wuya. Shi ne babba a rugarmu ta wajen Dudunni, kuma duk yankin, manomi da makiyayi, ba mai tsallake maganarsa. Lawal ya tare shi ya ce, "Ardo, kai ma ka ji su. Wa ya ci?"

Ya tsaya ya saurara kaɗan, sannan ya ce, "Duk na ji su. Abin da ban gane ba shi ne, mutanen nan ba su da dangi ne, da sai sun yabi kansu da bakinsu?"

Aka kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Ɗanmaliki, wani ɗan kasuwar hatsi na garin Ƙofa mai babbar mota. Na ga ya bi yayana da kallo har ya ɓace cikin 'yan awaki, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

A daminar nan gwamnati ta ce a kafa ƙungiyar manoma da makiyaya. Kuɗin mai ya shigo, ana ta rabon takin zamani da maganin dabbobi, kuma duk wanda ya zama shugaban ƙungiya, da shi za a zauna a shata burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Mu wannan ce ta dame mu. Burtalinmu kowace shekara sai gonaki sun gutsire shi, har ya kai saniya biyu ba sa jerawa. Mutum biyu suka fito neman kujerar, Ɗanmaliki da Labaran.

Labaran ɗana ne. Ban haife shi ba, amma duk wanda ya ce ba ɗana ba ne mu hau sama da shi mu faɗo. Ɗan farin Ardo Bube ne, aka yaye shi a bayana kamar yadda ake yi, ni kuwa Allah bai ba ni nawa ba. Ni na goya shi, ni na yi jinyarsa da ƙyanda ta kama shi, ni na yi ta guɗa ranar da ya tsaya sharo bai motsa ba. Ubansa kuwa, kunyar ɗan fari ta hana shi ko kama sunansa. In zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan na Haulatu". In Labaran ya shigo inuwa, shi ya tashi ya nemi wata. In yara sun yi faɗa, ko an ga ƙiri-ƙiri Labaran aka zalunta, shi za a ba rashin gaskiya. Haka muka taras ana yi, ban ce laifi ba ne.

Tun kafin a fara zancen kujera Labaran ya ce mini, "Goggo, in burtalin nan ya toshe, ba zan zauna ina kallon shanu suna ramewa ba. Kaɗa su zan yi kudu, inda 'yan'uwa suka tafi."

Waɗanda suka tafi kudun nan, ban ga wanda ya dawo ba. Ni kuwa gwiwoyina ba za su kai ni ko Rimaye a ƙasa ba. Saboda haka kujerar nan, a wurina, ba taki ba ce ba magani ba ce, zaman ɗana ne kusa da ni.

Sai aka aiko wani jami'i daga Kankiya, Malam Dawuda, saurayi mai babur da fara'a. Ya tara mutane gindin darbejiya ya ce yadda ake yi a rediyo haka za a yi a nan. Ran kasuwa mai zuwa 'yan takara biyu za su tsaya gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da zai yi, a yi musu tambayoyi. Sannan dattijo guda da kowa ya yarda da shi ya faɗi wanda ya fi kawo hujja, daga nan kowa ya yi layi bayan wanda yake so.

Ɗanmaliki ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Malam, ni ba na tsoron gaskiya. A ba Ardo Bube alƙalancin. Uban abokin karawata ne, amma na yarda da shi."

Wuri ya ɗauki kabbara. Malam Dawuda har da riƙe masa hannu, wai bai taɓa ganin adalci irin wannan ba. Bawan Allah, shi bai san Labaran ɗan fari ba ne, ba kuma wanda ya gaya masa. Ni kuwa ludayi ya suɓuce mini ya faɗa cikin ƙwarya. Na ce a raina, la'ananne, ashe abin da kake kallo ke nan ran nan.

Ban sayar da sauran nonon ba. Na ɗora ƙwarya a ka na kama hanyar ruga, ina tafe ina zagi ni kaɗai. Na tarar da Labaran a garke yana cire wa maraƙi kaska.

Na ce, "Maza ka koma ka ce ba ka yarda ba. Tarko ne aka ɗana maka, ko ba ka gani?"

Ya ce, "Na gani, Goggo."

"To, mi kake jira?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tun da nake, Baffa bai taɓa zama ya saurare ni na kai ƙarshen magana ba. Ran nan dole ya zauna, dole ya ji. Ki bar shi ya ji ni ko sau ɗaya ne."

Wallahi sai da na juya baya, don kada ya ga idona. Na ce masa sakarai, na ce kunnen uba ba ya buɗe burtali, amma ko a jikinsa. Ya ci gaba da cire kaskarsa.

Washegari da hantsi na je wurin Ardo. Yana zaune bakin bukka yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, ban ma jira ya gama amsawa ba.

"Hamma, ran kasuwa ka kwanta ka ce zazzaɓi."

"In yi ƙarya da furfurata?"

"To ka je ka faɗi gaskiya. In yaron ya fi, ka ce ya fi."

Ya ci gaba da murza igiya a cinya. Can ya ce, "Haulatu, kin taɓa ganin na ci abinci a kasuwa?"

"Wa ke zancen abinci?"

"Wanda bai iya tauna rogo gaban jama'a ba, shi zai buɗe baki ya yabi abin da ya haifa?"

Na ce, "To ka mayar musu da alƙalancinsu, a nemi wani."

Ya ce, "Mutum ya girmama ni gaban jama'a, ya ce ya yarda da ni a kan nawa. In na ƙi, na nuna ina jin tsoron zuciyata ke nan."

Na ce, "Zai tafi fa, Hamma! Ya ce kudu zai yi."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Na ɗauka na same shi. Sai kawai ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da tufka, ya ce wai in duba masa ko an kai tumaki kiwo.

Kwanakin nan ban zauna ba. In na ɗauki tsintsiya sai in tarar da kaina a bakin burtali ina auna shi da ido. Na kaɗa nono har man ya tsinke. Na roƙi wani mai mota ya kai ni Kankiya na nemi Malam Dawuda, na same shi zai hau babur. Na zayyana masa komai. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Goggo, ai an wuce wannan zamanin. Wane uba ne zai kayar da ɗansa?" Na ce, "Namu." Ya ce an riga an sanar, ba a canjawa. Na dawo ƙafafu sun kumbura, ko fura ban iya sha ba.

Ran kasuwa aka wayi gari da hadari, amma ruwa bai sauko ba, sai zufa. Aka shimfiɗa tabarmi gindin darbejiya, Lawal ya kashe rediyonsa da kansa. Manoma suka zauna gefe guda, mutanenmu suka tsaya gefe guda dogare da sanduna. Aka ajiye wa Ardo kujera a tsakiya, ya ƙi hawa, ya zauna kan buzunsa. Ni kuwa na kasa zama, in tashi in koma, har wata mai ƙosai ta ce ko kunama ce ta shiga zanena.

Ɗanmaliki ya fara. A gaskiya bakinsa da zaƙi, ba zan hana shi abinsa ba. Ya ce shi ya san ƙofar kowane ofis daga Kankiya har Kaduna, motarsa za ta ɗauko taki ta sauke wa kowa a ƙofar gida, ba a taɓa jin ya tauye mudu ba. Da aka tambaye shi burtali, sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, za a duba. Ya dawo kan taki, ya sake komawa kan motarsa. Aka tafa masa.

Sai Labaran ya fito. Da farko muryarsa ta sarƙe, ya yi ta murza sanda, na ji kamar in je in karɓi maganar in yi masa. Ya saci kallon inda ubansa yake. Ardo kansa a ƙasa, yana zane da tsinke. Daga nan yaron ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Ni ba ni da mota, ban kuma san ƙofar ofis ba. Amma ina tambayar dattawan Ƙofa, kafin a san takin buhu, wa ke kwana a gonakinku da rani? Shanunmu ne. Ku ba mu kara da harawa, mu bar muku taki, gero ya yi kai kamar hannun yaro. Takin buhu na gwamnati ne, ran da ta ga dama ta daina. Saniya kuwa ba ta daina kashi."

Aka yi dariya, har da tsofaffin manoma.

Ya ce, "Saniya ba ta da fiffike. In ba ku bar mata hanya ba, ta cikin geronku za ta bi, sai mu kwana gaban alƙali ni da kai, mu da kakanninmu suka sha rijiya ɗaya. Ba gonar kowa nake nema ba. Inda kofato ya saba bi, nan nake roƙo a bar masa."

Wani tsoho daga Rimaye ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, in ka zama shugaba, saniyarka ta cinye mini wake, wa za ka bi, ni ko ita?"

Labaran ya ce, "Baba, da hannuna zan jawo ta in ɗaure a ƙofar gidanka, ka yi ta tatsa har ka huce."

Wuri ya kaure. Tsohon nan ya yi ta buga sanda a ƙasa yana cewa, "Ka ji magana! Ka ji magana!" Ni kuwa na saki guɗa, ban damu da wa ke kallo ba. Ko makaho ya san wanda ya ci. Ɗanmaliki kansa sai goge zufa yake da hannun riga.

Malam Dawuda ya ce a yi shiru, ya juya ya ce, "Ardo, kai muke saurare."

Yayana ya miƙe a hankali. Bai dubi ɗansa ba, bai dubi kowa ba. Na ce a raina, Hamma, sau ɗaya dai, don Allah sau ɗaya.

Ya ce, "Na ji su duka biyun. Ɗanmaliki ya yi maganar manya. Ɗayan kuwa yaro ne, da sauransa."

Na ce, "Ƙarya ne, Hamma!" Da ƙarfi na faɗa, a tsakiyar kasuwa, ga yayana uba ɗaya. Mata suka rirriƙe ni suna toshe mini baki.

Kowa a wurin ya san kara ce Ardo ya yi, ba wanda bai sani ba in ban da mai babur. Amma da aka ce a yi layi, sai Ardo ya ɗauki buzunsa ya je ya tsaya bayan Ɗanmaliki. Mutanenmu suka dubi juna. Ardo ya yi kara, wa zai tsaya bayan nasa ya nuna shi bai san kunya ba? Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi, kawunansu a sunkuye, kamar shanu sun bi bijimin gaba. Manoma kuwa da yawa suka samu abin fakewa, suka ce uban da ya haife shi ma ya ce da sauransa, ga kuma mai mota da taki. A layin Labaran kuwa, tsohon nan na Rimaye ne da wasu 'yan tsiraru.

Na fizge na je na tsaya a layinsa. Malam Dawuda ya ce, "Goggo, ba kya cikin ƙungiya." Na ce ai na ji a rediyonku bana mata ma za su yi zaɓe, in ka isa zo ka ɗaga ni. Bai ƙirga ni ba, ni kuma ban gusa ba.

Labaran bai yi fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya je ya ba Ɗanmaliki hannu, ya zo ya ɗauki ƙwaryata ya ce, "Goggo, mu tafi, hadarin nan zai sauko." A hanya ya ce, "Ya dai ji ni, ko?" Na ce ya ji. Muka ci gaba da tafiya har ruga.

Ɗanmaliki ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Takin ya kawo shi kamar yadda ya ce. Burtali kuwa aka yi ta za a duba, za a duba, har aka yanke gero, masu gonakin bakin hanya suka kafa ƙaya suka haɗe ta.

Da kaka Labaran ya ɗaure kaya a kan takarkari. Ya bar mini tsohuwar saniya guda mai karyayyen ƙaho, wai in riƙa samun na fura. Ya je ya durƙusa gaban ubansa. Ardo ya kawar da kai wajen tumaki ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," kamar yadda zai ce wa baƙon da ya kwana ɗaya. Na raka su har inda gwiwata ta ƙi, na tsaya ina kallo har ƙahonin suka shige cikin itatuwa. Na yi kuka kamar yarinya.

Daga ranar na daina gaida Ardo. In an dama fura a kai masa, ni ba ni ba.

Wata safiya na ɗauki ƙwarya na nufi turke zan tatsi saniyar, sai na ji murya a bayan dangar kara. Na tsaya. Yayana ne, tsugune gaban saniyar nan yana sosa mata wuya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Saniya ba ta da fiffike. In ba ku bar mata hanya ba, ta cikin geronku za ta bi."

Tiryan-tiryan yake kawo ta, tun daga kan motar da yaron ya ce ba shi da ita har zuwa rijiyar kakanni, bai zubar da kalma ɗaya ba, har inda muryar ta sarƙe sai da ya kwaikwaya. Da ya zo wurin amsar da aka ba tsohon Rimaye sai ya yi 'yar dariya, ya dafa goshin saniyar ya ce, "Kin ji magana? Kaf ƙasar nan wa ya iya wannan?"

Na zagayo na tsaya a kansa. Na ce, "Saniya ka samu ka gaya wa? Da ka faɗi rabin wannan a kasuwa, da yanzu yana nan yana cire mata kaska!"

Bai musa ba. Na ga ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Sannan ya ce, "Haulatu, ke da kike da baki, kira sunan in ji."

Na so in ƙi. Na so in ce ya kira da kansa, ai shi ya raɗa. Amma na ajiye ƙwarya, na juya wajen burtalin da aka toshe, na ce, "Labaran!"

Ya rufe ido ya ce, "Ƙara."

Na ƙara, na sake ƙarawa, har muryata ta dushe. Saniyar ce kaɗai ta ɗago kai.